Keken Tudu da Hular Markus

Rahila, Dauda, da ke auta Naomi, na san abin da gwaggonninku suka faɗa muku game da shekarar da babanku ya dawo daga aikin soja a ƙasar waje, ya yi mako biyu ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Wata ta ce rashin kunya na yi masa, wata ta ce shi ne ya dawo da zafin kai irin na bariki. Duk ba haka ba ne. Keke ne ya jawo, kuma tunda idona bai gama rauni ba, gara in rubuta muku yadda aka yi da hannuna.

Lokacin muna gidanmu na Rikoto a Zuru tare da Kaka Tani, mahaifiyar babanku. Ina aiki a ƙaramin asibitin mishan, kuma kwana uku a mako nawa ne na hawa ƙauyukan da ke kan tudu, in yi awon ciki, in auna jarirai, in yi allurar rigakafi. Da baƙin keke irin na da nake zuwa, akwatin magani a ɗaure a kariya. Shi ne ya kayar da ni a kan wani gangare, wuyan hannuna na dama ya karye. Mai ɗori ya yi ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗe, amma daga ranar duk dutsen da tayar gaba ta taka sai in ji shi har cikin haƙorina. Da labari ya kai wa babanku, sai ga wani direba daga Kontagora ya sauke mana keke a ƙofar gida. Gwanjo ne, shuɗi, tayoyinsa masu kauri da ƙuraje, ga giya iri-iri. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙafafunsa na gaba. Kowace ƙafa bututu ne mai ƙyalli da ke shiga cikin wani, kamar wuƙa da kube, idan ka danna kan keken sai ya nutse ya taso. Makanikai suna ce wa abin shok. Matan unguwa kuwa suka sa masa suna keke mai numfashi. Kaka Tani ta zagaye shi sau biyu, ta danna shi da sandarta.

"Wannan keke ne ko ɗan akuya?" in ji ta. "Ki dai riƙe shi da kyau, kada ya haura dutse ya bar ki a ƙasa."

Shekara guda na yi ina jin daɗinsa. Hanyar da nake turawa da ƙafa na koma ina hawa a kai, hannuna ya huta, har na fara isa ƙauyen farko kafin mata su dawo daga ɗiban ruwa. Laifina guda, kuma ban ɓoye muku ba: da damina ina kutsa shi cikin rafi ba tare da na ɗaga shi ba, in na ga ya yi laka kuma in tsaya a tsakiyar ruwa in wanke shi tas, ina ganin gata nake yi masa. Bayan an yanke dawa sai ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Daga nan ya riƙa nutsewa ba ya tasowa sai na ja shi. Wata safiya ya sandare gaba ɗaya, wani jan ruwa yana tsatsafowa daga bakin robar da ke tsakanin bututun biyu. Na ci gaba da hawansa haka, ga shi ya fi baƙin keken nauyi. Cikin mako uku hannuna ya kumbura. Ranar da na ɗauki sirinji zan yi wa jariri allura na ga yatsuna suna rawa, sai na mayar da shi akwati na ce wa uwar ta yi haƙuri sai wani mako. Da na koma ban ɓoye wa shugabar asibitinmu ba, Mama Rifkatu, mace mai kirki amma ba ta kwana-kwana.

"Saratu, ba zan bar ki ki nakasa kanki ba," ta ce. "Muna da ɗakin shan magani a wajen Dirin Daji, can ba hawan keke. In wata ya ƙare hannun nan bai sauka ba, can za ki koma. Mutanen tudu kuma su jira har mu sami namiji mai babur."

Kun san abin da wannan yake nufi. Naomi, wata biyu ke nan da yaye ki. Rahila da Dauda kuna firamare. Da na tafi, sai dai in riƙa ganin ku ƙarshen wata, kuma akwai mata shida a kan tudu da na san watan haihuwar kowacce. Washegari na tura keken zuwa wurin Malam Garba, mai gyaran keke a gindin bishiyar da ke bakin kasuwa. Mutumin wajen Gwandu ne, ya daɗe a Zuru amma bakinsa bai canza ba. Ya danna, ya girgiza, ya kara kunne, sannan ya goge hannu.

"Malama, ba ni yi miki ƙarya. Wanga abu ban taɓa ganin cikinai ba. In kina so in cire shi in sa miki ƙafar baƙin keke, yanzu-yanzu ina yi. Amma in buɗe in kasa maidawa, ba ni son wagga kunya."

Ƙafar baƙin keke ita ce ta karya ni tun farko, don haka na yi masa godiya na wuce. A shekarar ne wayar hannu ta fara kamawa a garinmu, akwai wata yarinya mai lema da ake buga waya a wurinta. Sai da na je sau uku kafin na sami babanku, muryarsa tana zuwa tana yankewa kamar daga cikin rijiya. Na ba shi labari a gaggauce. Abin da na ji sarai daga bakinsa kaɗan ne.

"Maman Rahila, kada ki bari kowa ya kwance shi. Wata huɗu ya rage in dawo, ni zan duba."

Wannan fa mutumin da ko fitilar ƙwai bai taɓa gyarawa ba. Na dawo gida, na tarar da Kaka Tani tana ɓarar gyaɗa, na maimaita mata abin da ɗanta ya ce. Ba ta ɗago kai ba.

"Cewa ya yi kada ki bari kowa ya kwance. To, ke kowa ce? Macen da take fito da mutum daga cikin mutum, ƙarfe ne zai gagare ta?"

Ranar Asabar da safe na shimfiɗa tsohon zane a tsakar gida, na kifa keken na cire tayar gaba da wayar birki, sannan na miƙar da shi. Na yi wa kaina doka guda, irin wadda muke bi da kayan karɓar haihuwa: duk abin da na cire in ajiye shi a jere, na dama a dama, na hagu a hagu, na farko a farko. Kaka Tani ta ɗauki sanda ta zauna gadin kaji. A saman kowace ƙafa akwai murfi na baƙar roba. Na sa sifana na fara juyawa a hankali, ban san akwai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, a danne a ƙarƙashinsa ba. Juyi na ƙarshe sai murfin ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnena, ya faɗa cikin tukunyar kunun da ke hucewa a bakin murhu. Kaka ta sa ludayi ta tsamo shi, ta lashe, ta miƙo mini. Ta ce ai yanzu ya karya kumallo, sai aiki. Na zaro sifirin ɗin, dogo ne kamar kamu ɗaya da rabi, ya yi ja wur da tsatsa. Na biyun da na zo buɗewa sai na dafe shi da tafin hannu. Amma duk da haka kuben ya ƙi fita. Na haska tocila cikin bututun, na hango kan wani noti can ƙasa, mai rami kusurwa shida, inda babu makullin da zai kai. Na koma wurin Malam Garba na kwatanta masa. Ya ɗauko irin makullin da suke kira alanki, ya kai wa mai walda aka liƙa shi a bakin dogon rodi. Da ya miƙo mini sai na ga yana rufe akwatin kayansa.

"Ina zuwa in gani, Malama. In kin ɓata, in taya ki baƙin ciki. In kin gyara, in ƙaru."

Saboda shi muka kwashe zane da kaya muka dawo ƙofar gida, gindin mangwaro. Ya riƙe keken, na zura rodin na murɗa da hannun hagu. Notin ya yi ƙara ya saki. Da muka zare kuben, ruwa ya zubo daga ciki, ja mai wari, ya kai rabin kofi kowace ƙafa. Na gane ruwan rafin da nake wankewa da shi ne ya kwana a ciki wata da watanni. Giris ɗin da ke ciki ya zama laka. Wata guntuwar roba da ke tare bututun idan ya nutse ƙarshe ta farfashe kamar ƙuli-ƙuli. Muka wanke sifirin da cikin kuben da kananzir, na ɗaura tsumma a kan kara na goge har ya fito fari. Robobin bakin kuben kuwa da ruwan sabulu kawai na wanke su, don na san yadda kananzir yake cin safar hannu ta asibiti. Inda tsatsa ta ci bututun mai ƙyalli na bi da samfefa mafi laushi, a hankali, har farcena ya daina kamawa. Malam Garba ya yanko madadin robar da ta farfashe daga tsohuwar tayar mota. Abu ɗaya ya rage. A ƙarƙashin bakin robar kowane kube akwai wani zobe na soso, shi ne yake riƙe mai yana shafa wa bututun duk lokacin da ya shiga ya fita. Duka biyun sun ruɓe, ina taɓawa suna narkewa. Na gwada tsumma, ya warware. Na gwada soson katifa, ya yage. Ana bukatar abu mai kauri da zai sha mai ba tare da ya tsinke ba.

A nan ne na yi abin da na yi. Na tuna akwatin ƙarfen babanku da ke ƙarƙashin gado, akwai hulunan soja uku a ciki, na ulu mai kauri. Biyu da sauran kyansu, ɗaya ta koɗe har ta fara fari. Na ce a raina wannan ai ta gama aiki. Ban tambayi kowa ba. Na kifa murfin kwalba a kanta na zana, na sa almakashi na yanke zobe biyu daga tsakiyarta, na mayar da sauran cikin akwati. Na jiƙa zoben da man inji ta tsohon sirinji, suka zauna a gurbinsu kamar don su aka yi. Muka cika giris, muka mayar da komai daga ƙarshen layi zuwa farkonsa. Da muka gama sai ga wata ƴar ƙaramar washa ta rage a kan zane tana kallonmu. Malam Garba ya ce ba komai, a wurinsa ma kullum sai wani abu ya rage. Na ce a wurin aikina ba a barin komai a waje, ba a kuma mantawa da komai a ciki. Muka sake kwance ƙafar hagu. Rana ta karkata kafin na sa taya na danna kan keken. Ya nutse shiru, ya taso shiru. Kaka Tani ta ajiye sanda ta yi ƴar rawa taku uku.

Kafin wata ya ƙare hannuna ya sauka, Mama Rifkatu ta murza shi ta ce in ci gaba da tuduna. Matan nan shida duk a hannuna ko a gabana suka sauka lafiya. Na daina shiga rafi da keke, ina ɗaga shi a kafaɗa, kuma duk wata uku nake buɗe ƙafafun in share in sa sabon giris. Irin kekunan suka fara yawa a gari, duk wanda ya kai wa Malam Garba keke mai shok sai ya turo shi gidanmu ranar Asabar, ya ce taya da sarƙa nasa ne, ƙafa ta Malama ce.

Babanku ya dawo da farkon damina. Ya hau keken ya zagaya unguwa, na gaya masa ni na kwance shi, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce da ma ya san ba zan jira ba. Kwana uku muna cikin murna. A rana ta huɗu ya jawo akwatin ƙarfensa zai ajiye kaya. Ina tsakar gida na ji ɗakin ya yi tsit. Ya fito da koɗaɗɗiyar hular a hannu, ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na gaya masa, har ina murmushi. Bai ɗaga murya ba. Ya koma ciki, daga nan sai ina kwana, sai sannu da aiki, mako biyu cur. Kaka Tani ta tambaye shi, ya ce ba komai. Ni kuma na yi zuciya, ina cewa a raina tsohuwar hula ce ta fi hannuna daraja. Sai wata rana muna huɗa a gona, ya kafa garma ya zauna a kan kunya, ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Ba tawa ba ce. Ta Markus ce."

Markus abokinsa ne tun suna yara, tare suka yi noman golmo, wato noman neman aure, a gonar babana lokacin da babanku yake nemana, tare suka shiga soja rana ɗaya. Shi ne ya tsaya masa ranar aurenmu. Ya rasu a wani aikin ƙasar waje shekara bakwai kafin nan. Babanku ya ce an aika wa iyalinsa da kayansa, amma shi ya riƙe hular da niyyar ya kai wa uwarsa hannu da hannu. Duk hutun da ya zo sai ya fito da ita, ya duba, ya mayar. Shi ne ya zuga Markus ya shiga soja, tsohuwar kuma ba ta so ba, don haka ya kasa haɗa ido da ita. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin da na yanke ba ya ɗinkuwa, kuma da na yi tambaya ɗaya tak da ban yanke ba. Na roƙi gafararsa. Sannan na ce masa tunda ni na ɓata, ni zan kai, ƙauyen tsohuwar yana bayan na ƙarshe a hanyata ta ranar Laraba. In yana so ya biyo ni, in ba ya so in tafi ni kaɗai.

Ranar Laraba na fito na same shi a ƙofar gida da baƙin keken da ya aro wurin Malam Garba. Ba zan ɓoye muku ba, duk nauyin da ke zuciyata sai da na yi dariya a hanya. Ina gaba ina bi ta kan duwatsu kamar kwalekwale, sojan yana baya haƙoransa suna haɗuwa, yana sauka yana turawa, yana tambaya ko da gaske nan nake bi duk mako. Ya jira ni a inuwa na gama awon ƙauyuka biyu, muka ƙarasa da azahar. Mun sami uwar Markus tana tsince wake a bakin rumbu, ƴar ƙaramar tsohuwa mai furfura fat. Ta gane shi tun daga nesa. Ya durƙusa, muka gaisa da yarenmu, sai ya miƙa mata hular da hannu biyu. Ta juya ta, ta shinshina, sannan ta zura yatsu biyu cikin ramukan. Ta ɗago ta dube shi.

"Harsashi ne?" ta tambaya a hankali.

"A'a, Inna," in ji babanku. "Almakashin matata ne."

Na durƙusa kusa da shi na ba ta labari duka, tun daga rafi har murfin da ya faɗa cikin kunu. Babanku kuma ya gaya mata abin da ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata, cewa zazzaɓi ne ya ɗauki Markus a asibitin sansani, yana riƙe da hannunsa, kuma bai daɗe yana shan wuya ba. Hawaye ya riƙa bin kumatunta. Can sai kafaɗunta suka fara motsi, muka ga dariya take yi. Ta ce a kawo mata keken. Na turo shi, na nuna mata inda zoben suke, ta dafa kan keken da hannu biyu ta danna, ya nutse ya taso. Ta tambaya ko shi ne yake kawo ni wurin masu ciki, na ce shi ne. Ta gyaɗa kai, ta juya wurin babanku.

"Ishaya, shekara bakwai ina duban hanyar nan. Ba hula nake jira ba, kai nake jira. Ɗaya ya tafi, sai ɗayan ma ya ƙi zuwa?"

Babanku ya kifa kai a gwiwarta ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa gonarta ta bayan gida ba a huɗe ba. Ya cire riga ya ɗauki garma. Tun daga shekarar, duk damina sai ya hau ya yi mata huɗa, in yana bariki ya ɗauki hutu don haka, har Allah ya ɗauke ta.

Da la'asar muka yi sallama, ta ba mu wake a ƙullin zane. Mun sauko har bakin rafi, na ɗaga kekena a kafaɗa zan tsallaka, sai babanku ya taɓa ni ya ce in waiwaya. Tana tsaye a kan dutsen da ke bakin ƙauye tana ɗaga mana hannu. Ta cire ɗankwali ta kafa hular ɗanta a kai, a karkace kamar yadda soja suke sawa, furfurarta ta leƙo ta ramukan nan biyu.